Ba kullum laifin maganin ciyawa ba ne, a duba sama kafin feshi

Bara a watan Yuli na yi asarar kwalba uku ta maganin ciyawa a gonar Babanmu. Shi fataucin shanu yake yi, ni ya bar wa masarar da muke nomawa don gida da kuma karan da dabbobi ke ci. Na tashi daga Barkin Sale da safe, na yi feshi, ko awa biyu ba a yi ba hadari ya haɗo aka tsuge da ruwa. Bayan sati biyu tofa tana nan kore shar. Na ce jabu aka sayar min. Ashe ni ne ban duba gari ba.

Maganin da ake kira glyphosate, wanda yawancinmu ke saya, sai ya shiga ta ganye ya gangara har saiwa kafin ya kashe ciyawa. Yana son a ba shi kamar awa shida ba ruwan sama. Ku 'yan uwa da ke Sabon Ibadan ko Shagamu, inda ruwa ya fi na Minna yawa, wannan ya fi shafarku.

Fari ma matsala ne, kuma shi ne mutane ba su cika ganewa ba. Idan ruwa ya ɗauke kwana goma, ciyawa ta yi yaushi, ganyenta ya yi tauri, to ta daina aiki, ba ta jan maganin zuwa ƙasa. Gara a jira a samu ruwa, ta farfaɗo, sannan a fesa. Abin mamaki, ciyawar da ta fi lafiya ita ce ta fi saurin mutuwa.

Raɓa mai yawa tana sa magani ya zube daga ganye, a bari ta ɗan bushe. Tsakar rana kuma ɗigon yana bushewa kafin ya shiga. Ruwan kududdufi mai laka shi ma yana rage ƙarfin glyphosate, a haɗa da ruwa mai tsabta.

Sai iska. Mai 2,4-D idan iska ta kwashe shi ta kai gonar maƙwabci, wake da kuɓewa da tumatir za su nannaɗe, daga nan sai rigima har gaban mai unguwa. Ni yanzu in na ga ganyen mangwaro yana kaɗawa, ajiye famfon nake yi. Kuma Baba ya hana a kai shanu inda aka fesa sai an cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar.