Orka, dabbar teku mai goyon ɗanta

Yau za mu kai ku nesa, bakin babban teku na yamma da Amurka da Kanada. Akwai wata dabbar ruwa can, sunanta orka. Bayanta baƙi ne, cikinta fari.

In ka gan ta sai ka ce kifi ce, amma ba kifi ba ce. Kamar ayu na kogin Kwara take. Tana fitowa bisa ruwa ta sha iska. Tana haihuwa, tana ba ɗanta nono. Babban namiji ya kan kai tsawon mita 8, nauyinsa ya kai na raƙumi goma. Cikin macen wata 17 ne, ya fi na raƙuma daɗewa.

Akwai wani tsibiri, San Huwan. Mutane suna zama bisa duwatsun bakin ruwa tun safe, suna jiran orka su wuce. Wani ya yini bai ga komi ba, gobe ya komo.

Mi ya sa suke wannan wahala? Don sun san su ɗaya bayan ɗaya. Makiyayi ya san kowace saniya tasa da ƙahonta da zanenta. To, haka ma orka. Kowace tana da tsini bisa baya, da tabo mai launin toka kusa da shi, kuma na wannan bai yi kama da na waccan ba. Wani masani ɗan Kanada, Michael Bigg, shi ya fara ɗaukar hotonsu don a rarrabe su. Tun 1976 ana ƙidaya su kowace shekara. Kowace tana da lamba da suna. An san uwarta, an san kakarta. Cikin wannan dangi, ɗa ba ya rabuwa da uwarsa, ko ya girma.

Akwai wata uwa, lambarta J35, sunanta Tahlequah. Ran 24 ga watan Yuli 2018 ta haifi ɗiya. Ba a yi awa guda ba ɗiyar ta mutu. Uwar ta ƙi sakin ta. Ta ɗora gawar bisa kanta, tana tura ta. In gawar ta nutse, sai ta bi ta ƙasa ta ɗauko. Kwana 17 tana haka. Ta yi tafiyar kilomita wajen 1.600, abin da ya fi Yamai zuwa Ngigmi. Mutane da yawa da suka ji labarin sun yi hawaye. Macen da ta taɓa rasa jariri ba ta bukatar a yi mata bayani.

A 2020 ta haifi namiji, ya rayu. A watan Disamba 2024 ta sake haihuwar ɗiya, ita ma ta mutu. Aka kuma ganin uwar ɗauke da gawa.

Yunwa tana cikin abin da ke kashe ƴaƴansu. Abincinsu wani babban kifi ne, salmon, mai hawa kogi ya yi ƙwai. An datse koguna da madatsan ruwa, kifin ya ragu. Ƙarar injin jirage kuma tana hana su farauta, don da kunne suke neman abinci. Yanzu doka ta hana jirage matsowa kusa da su.

A 1995 wannan dangi su 98 ne. A ƙidayar 2024 saura 73.