Laftof Ɗaya, Windows da Linux: Yadda Ake Raba Ma'adana Ba Tare da Asara Ba



Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ga shi da yawa daga laftof ɗinmu na gwanjo ba sa ɗaukar Windows 11. Shi ya sa matasa ke tambayata: zan iya saka Linux ban goge Windows ba? E, za ka iya. Sai dai ka raba ma'adanar kwamfutarka, wato had dis, kowanne ya samu ɗakinsa.

Ka ɗauke ta kamar fili. Windows ya mamaye shi duka, kai kuma za ka yanka wa baƙo wani ɓangare. Windows yana tsara nasa da NTFS, Ubuntu kuma da ext4, don haka ba sa zama ɗaki ɗaya.

Kafin komai, ka kwashe fayilolinka zuwa filashi ko wata ma'adanar waje. Ni na sha wannan ɗacin. Ina ajin ƙarshe a jami'a, garin gaggawa na danna Erase disk, babi uku na firojet ɗina suka tafi. Wallahi sai da na sake rubuta su daga farko.

To, ga matakan. Buɗe Disk Management a Windows, danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume. Ubuntu yana buƙatar aƙalla GB 25, amma ni ina ba da shawarar 60 idan da hali. Bar wurin fanko, kar ka yi masa fomat. Idan BitLocker a kunne yake, adana mabuɗinsa sannan ka kashe shi, ka kuma kashe Fast Startup.

Duba ko ma'adanar MBR ce ko GPT. MBR tsohon tsari ne, manyan ɓangarori 4 kawai yake yarda da su, GPT kuwa har 128 a Windows. Idan ka ga wani ɗan ƙaramin ɓangare mai suna EFI, kar ka taɓa shi, da shi kwamfuta take tashi.

Sai ka tayar da kwamfutar daga filashin Ubuntu, ka zaɓi saka shi kusa da Windows. Karanta kowane allo sau biyu. Kuma batir ya kasance a cike, don idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rabon, ana iya rasa komai.

Da an gama, duk kunnawa GRUB zai tambaye ka wanne za ka shiga.

Wanda ya gwada ya maƙale, ya faɗa mana inda ya tsaya, mu warware tare. Sai shiri na gaba, in sha Allahu.