Zomo ya yi suna a littattafan duniya, saura na Hausa

Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. Duk manomin da ya shuka wake a kwarin Majiya ta ƙasar Buza, ko ya yi lambu a fadamar Tarka ta Madawa, ko ya bi duwatsun Keita da karensa, ya san halin wannan ƴar dabba. Ba ta da ƙaho, ba ta da ƙarfi. Abin da Allah ya ba ta kunne ne da gudu da dabara. Don haka ne a tatsuniya zomo yakan kunyata kura, ya ruɗe zaki.

Wannan zomo ya daɗe da ƙetare teku, har ya zama tauraro a littattafan zane. Littafin zane shi ne wanda ake raba shafinsa gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mai magana kuma tana cikin ƴar da'ira kusa da bakinsa.

Bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa Amurka ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da tatsuniyoyinsu. A shekarar 1880 wani ɗan jarida na jihar Jojiya, Joel Chandler Harris, ya buga labaran da ya ji daga bakin baƙar fata, jaruminsu kuwa zomo ne mai suna Br'er Rabbit. A ɗaya daga ciki an ɗana masa ƴar tsana ta kwalta, ya mare ta, hannunsa ya liƙe. Duk wanda ya san labarin Gizo da budurwar danƙo zai gane dangantakar nan take. Daga 1945 zuwa 1972 kamfanin Disney ya riƙa fitar da wannan zomo cikin zane a jaridun ranar Lahadi.

A 1940 kamfanin Warner ya fito da Bugs Bunny a majigi, shekara guda bayan haka ya shiga littattafan zane. Kullum maharbi na binsa da bindiga, kullum maharbin ke shan kunya. A Afirka ta Yamma kuwa, a 1953 Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal a 1960, shi da Abdulayi Saji suka rubuta wa ƴan lakwal labarin Leuk, zomon Wolof, da abokiyar gabarsa kura, cikin Faransanci. Har sunan Hausa ma an ɗauka: a 1992 Ba'amurke Gerald McDermott ya buga littafin yara mai hotuna, ya kira jaruminsa Zomo. Da Ingilishi ya rubuta shi.

To, zomo ya yi magana da Ingilishi, ya yi da Faransanci. Amma a Madawa da Buza da Keita da wuya a sami littafin zane da yake magana da Hausa. Wannan rashi ba na yara kaɗai ba ne. Malaman yaƙi da jahilci sun san cewa dattijo ko uwargida da suka gama aji, in ba su sami abin karantawa ba, baƙaƙen sai su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Dogon shafi marar hoto yana ba sabon mai karatu tsoro. Littafin zane kuwa jimlolinsa gajeru ne, in kalma ta gagara hoto ya ɗora shi a hanya. In kuma tatsuniyar da ya sani tun yana yaro ce, ya riga ya san inda labarin ya nufa.

Bayan tatsuniya, zomo zai iya ɗaukar saƙon aiki. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a Majiya don tare iska. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya, inda mata da yawa suka ɗauki duwatsu a ka don tsare ruwa da ƙasa. Littafin da zomo ke jera gandari a gonarsa, kura ta yi lalaci ruwa ya cinye tata, zai fi doguwar takardar ofis shiga kunne.

Akwai kuma darasi ga mahukunta. A 1927 Walt Disney ya ƙirƙiro wani zomo mai suna Oswald, amma a takarda mallakarsa na kamfanin Universal ne. A 1928 ya rasa shi, ya koma ya zana ɓera Mickey. Sai a 2006 kamfaninsa ya dawo da zomon. Abin da ba a rubuta da sunan mai shi ba, wani ke morarsa.

Aikin bai fi ƙarfin ma'aikatan ilimi na jahar Tawa ba. A zauna da tsofaffin da ke da tatsuniya a ka tun suna raye, a rubuta ta yadda suka faɗa, tare da sunan garinsu. A nemo matasa masu hannun zane a makarantu da cikin masu rubuta allunan shaguna. A buga ƙananan littattafai masu araha, a kai su azuzuwan manya da kasuwannin ƙauye. Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ya dace zomon Adar ya yi magana a takarda da harshen masu shi.