Daga Tuƙin Jirgin Sama Zuwa Aikin Sufeto

Duk wanda ya taɓa raka alhaji filin jirgin sama na Kano ko na Sakkwato ya san matuƙin jirgi, ko da daga nesa ne. Amma akwai wani ma'aikaci da fasinja ba ya ganinsa, alhali kuwa shi ne yake da ikon cewa jirgi ya tashi ko kada ya tashi. Wannan ma'aikaci shi ne sufeton jiragen sama. Aikinsa ya yi kama da na duba-gari, ko na ma'aikatan da ke tsayar da mota a hanya su duba birki da taya. Bambancin kawai shi ne, jirgi ba shi da gefen hanyar da zai tsaya idan ya sami matsala a sama.

Me ya sa ake bukatarsa?

Ranar 11 ga watan Yuli na shekarar 1991, wani jirgi da aka yi hayarsa daga wani kamfanin ƙasar Kanada ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazan Nijeriya, zai kai su Sakkwato. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Wasu ma'aikatan kamfanin sun san da haka, amma saboda gudun ɓata lokaci aka bar jirgin ya kama hanya. Yana cikin gudu zai tashi sai tayoyi suka fashe, wuta ta kama. Jirgin ya juyo zai sauka amma bai kai ba. Mutum 261 da ke ciki duk suka rasu. Bincike ya nuna har alƙaluman da ke takardar awon iskar tayoyin an sauya su.

Irin wannan sakaci shi ne sufeto yake farauta tun kafin ya zama masifa. Kamfani neman riba yake yi, kuma kowace sa'a da jirgi ya yi a ƙasa hasara ce gare shi. Don haka dole gwamnati ta sami nata mutum wanda ba kamfani ke biyansa ba.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa, watau NCAA, ita ce ke ɗaukar sufetoci. An kafa ta da dokar shekarar 1999. Tana bin ƙa'idojin ƙungiyar jiragen sama ta duniya mai suna ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Amurka a 1944.

Aikin da yake yi

Sufetoci iri-iri ne. Akwai injiniyoyi masu duba lafiyar jirgin kansa. Akwai kuma waɗanda suka fito daga cikin matuƙa, su ne masu duba yadda ake tuƙin da yadda kamfani ke tafiyar da aikinsa.

Irin wannan sufeto yakan je filin jirgi ba tare da sanarwa ba, ya nemi lasisin matuƙi da takardar likita da littafin da ake rubuta gyare-gyaren jirgi. Yakan shiga ɗakin tuƙi ya zauna bayan matuƙa tun daga tashi har sauka, yana lura da duk abin da suke yi. Yakan duba ko an ba su hutun da doka ta tanada, domin matuƙi mai jin barci haɗari ne. Yakan kuma sa ido lokacin da ake jarraba su cikin wata na'ura mai kwaikwayon jirgi, inda ake kashe musu inji da gangan a ga yadda za su yi. Haka nan sabon kamfani ba zai fara ɗaukar fasinja ba sai sufetoci sun gamsu an ba shi takardar izini.

Matakan da ake hawa

Ba a zama sufeton tuƙi sai an zama matuƙi, kuma matuƙi ana auna shi ne da yawan sa'o'in da ya yi yana tuƙi a sama. Kowace sa'a rubuta ta ake yi cikin littafinsa.

Matakin farko shi ne sakandare. Ana bukatar sakamako mai kyau, musamman a Turanci da Lissafi da Fiziks. Turanci wajibi ne domin da shi matuƙa ke magana da masu ba da hannu a filayen jiragen duniya. Daga nan sai makarantar koyon tuƙi, kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Lasisi hawa uku ne. Na farko na tuƙa ƙaramin jirgi ne ba don kuɗi ba, ana samunsa bayan sa'o'i 40 aƙalla. Na biyu shi ne na sana'a, wanda ke bukatar kimanin sa'o'i 200. Na uku, wanda sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja, yana bukatar sa'o'i 1,500 da shekara 21 da haihuwa aƙalla. Ban da wannan, likita zai riƙa duba idon matuƙi da kunnensa da zuciyarsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ƙa'idar ɗaukar sufeto ita ce, kada iliminsa da gogewarsa su gaza na wanda zai duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafin jagora na ICAO ya ba da shawarar a nemi wanda ya yi kamar sa'o'i 5,000 yana kyaftin. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, kusan wata bakwai ke nan a sama, dare da rana. Bayan an ɗauke shi ma sai ya koma aji ya koyi dokoki da dabarun bincike da rubuta rahoto, ya kuma yi aiki a ƙarƙashin tsofaffin sufetoci kafin a sakar masa hannu.

Inda gizo ke saƙa

Samun irin waɗannan mutane yana da wuya a ƙasashe da yawa, domin albashin kyaftin a kamfani yakan fi na ma'aikacin gwamnati nesa ba kusa ba. Shi ya sa da yawa daga cikin sufetoci dattawa ne. Ƙa'idar duniya ta hana matuƙi ɗaukar fasinja tsakanin ƙasashe idan ya cika shekara 65, to amma saninsa bai tsufa ba, yana iya amfanar jama'a da shi.

Abu mafi nauyi a aikin shi ne riƙon amana. Wanda sufeto zai kayar a jarrabawa wataƙila tsohon abokin aikinsa ne. Jirgin da zai hana tashi wataƙila na wani mai faɗa a ji ne. Idan ya ji nauyinsu ya kau da kai, rayukan ɗaruruwan mutane ne ya sa a caca.

Wannan hanya doguwa ce kuma karatun yana da tsada, amma wasu gwamnatocin jihohi sukan ɗauki nauyin ɗalibai. Ba ta maza ce kaɗai ba. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin sana'a a Nijeriya, har shugabancin kwalejin Zariya ta riƙe daga 2011. Saboda haka iyayen da ɗansu ko 'yarsu ke son Lissafi, su daure su bar su a makaranta, su kuma riƙa tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma game da tallafin karatu.