A Duba Ganye Kafin A Sayi Magani

'Yan'uwa masu lambu, ba kowane ganyen tumatir da ya lalace ne yake bukatar magani iri ɗaya ba. Sau da yawa mukan ga ganye yana bushewa, sai mu ruga kasuwa mu sayi kwalbar da mai shago ya miƙo mana. Kuɗi ya tafi, tumatir kuma bai tsira ba. Ya kamata mu fara sanin abin da yake cin ganyen. Ga manyan abokan gāba guda 3.

1. Tsutsar Sharon. Masana suna kiranta Tuta absoluta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. A shekara ta 2016 ta yi wa lambunan Kano da Kaduna mummunar ɓarna, har tumatir ya gagari talaka. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, takan yi ƙwai fiye da 200. Tsutsar takan shiga cikin ganye ta cinye tsakiyarsa. In muka ɗaga ganyen wajen rana za mu ga farin tabo shara-shara, da baƙin kashinta a ciki. Da yake a ɓoye take, feshi ba ya cika samunta.

2. Nannaɗewar ganye. Sababbin ganyen sama sukan ƙanƙance, su yi rawaya, su nannaɗe kamar cokali. Tumatirin ya tsumbure, furensa ya zube. Farin ƙuda ne yake yaɗa wannan cuta. In muka girgiza shukar za mu ga sun tashi kamar gari. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, kome yawan feshi.

3. Ɗigon ganye. Wannan funfuna ce. Takan fara daga tsofaffin ganyen ƙasa. Tabon ruwan ƙasa ne, da zobe cikin zobe. Danshi take so, kuma ruwan da yake fantsamo ƙasa a kan ganye shi yake taimakonta.

To, me za mu yi?

Mu zaga lambu da safe sau 2 a mako, muna juya bayan ganye. Da sanyin safiya ake kamun fara. Ganyen da tsutsa ko ɗigo ya kama, mu tsinke shi mu ƙone, ko mu binne shi da zurfi. Kada a zubar a bakin lambu. Shukar da ta nannaɗe kuwa, a tumɓuke ta gaba ɗaya, don a ceci sauran.

Mu rufe wurin renon iri da gidan sauro mai ƙananan ido, domin cutar da ta kama ɗan dashe ita ta fi muni. Mu yi ban ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin shuka, mu kafa mata sanda.

Darbejiya, wato dogon yaro, tana da amfani. A ɓare busassun 'ya'yanta, a daka ƙwayar rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. A tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita kowane mako.

In ya zama dole a sayi maganin kanti, mu kai wa malamin gona ganyen ya gani tukuna. Kada a nace wa magani iri ɗaya, gama tsutsar takan saba da shi. Mai feshi ya rufe hanci da jiki, a kuma jira kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a tsinki tumatir.

Bayan girbi a ƙone sauran karan. Baɗi kada a mai da tumatir, ko barkono, ko gauta, ko dankalin Turawa a wannan fili, domin danginsu ɗaya. A sa albasa ko masara. Mu kuma shawarci maƙwabta mu yi aikin tare, gama ƙwaro bai san iyakar gona ba.