GAHAWA DA MADARAR HATSI: YADDA AKE HAƊA TA A GIDA

Akwai mutane da yawa, har cikin malamai da ma'aikatan ofis, waɗanda ke son gahawa da madara, amma da zarar sun sha nonon shanu sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi. Dalili kuwa shi ne akwai wani irin sukari cikin nono wanda hanjin manya da yawa ba ya iya narkarwa. To, irin waɗannan ba sai sun haƙura da baƙar gahawa ba.

A farkon shekarun 1990 wani masani a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Rickard Öste, ya ƙago hanyar fid da madara daga ot, watau hatsin nan na ƙasashen sanyi da muka sani cikin gwangwanin Quaker. Tasa hanyar ta masana'anta ce, amma ta gida ba ta da wuya ga wanda ya taɓa ganin ana kunun aya.

A zuba kofi 1 na ot cikin kofi 4 na ruwan sanyi, da ɗan gishiri kaɗan. A markaɗa a injin markaɗe kamar daƙiƙa 30, sa'an nan a tace da ƙyalle mai tsabta, kada a matse. A nan ne akasari ake kuskure, domin ruwan ɗumi, da yawan markaɗe, da matsa, su ke sa madarar ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa.

Sai gahawa. A dafa ɗan ɓawon kirfa, da kanumfari 2, da ɗan yankin citta, cikin kofi 1 na ruwa har minti 5. Sa citta a gahawa tsohuwar al'ada ce a Sudan. A sauke, a zuba babban cokali 2 na garin gahawa, a rufe minti 4, kana a tace. A ɗumama rabin kofi na madarar a kan wuta marar ƙarfi, lalle kada ta tafasa, in ba haka ba sai ta yi kauri ta koma kunu. A haɗa su, a sa zuma ko sukari gwargwadon bukata. Sauran madarar a ajiye a firji, a girgiza kafin a zuba, kada ta wuce kwana 3.

Amma fa jama'a a lura da abu biyu. Wannan madara ba ta kai nonon shanu gina jiki da ƙarfafa ƙashi ba, saboda haka kada a shayar da jariri da ita. Kuma gahawa tana korar barci. Malamin da ya sha ta da dare domin duba takardun yara, ya san da abin da zai shiga aji da safe.