Kafin Ɗan Madadi Ya Zaɓi Makarantar Sarrafa Ƙarfe

Tun a ƙarni na 7 an riƙa narkar da tama a gindin Dutsen Dala, kuma har gobe maƙeran Gwarzo da Kabo na ƙera wa manomi garma da lauje. Saboda haka ɗalibin Madadi da ya nufi fasahar sarrafa ƙarfe ba baƙon abu ya ɗauko ba. Abin gudu shi ne ya zaɓi makaranta da ka.

Mai neman digiri yana da Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, mai sashen injiniyancin ƙarafa. Mai neman difloma kuwa sai ya dubi kwalejojin fasaha. Amma kafin uba ya sayar da hatsinsa, a yi tambaya uku. Shin hukumar NBTE, ko NUC da COREN, sun amince da kwas ɗin? Tanderun narkar da ƙarfe yana aiki, ko ƙura ta rufe shi? Ina ake tura ɗalibai koyon aiki?

Kada a dogara da masana'antar Ajaokuta, wadda aka kafa tun 1979 amma har yau ba ta kammalu ba. Aikin yau yana wuraren narkar da tsoffin ƙarafa, kuma a can gwanintar hannu ake dubawa kafin takarda.